Makon da Hitarmu Ta Ƙi Kamawa

Shekarar da muka koma Panshekara, abin da ya fi burge maigidana a gidan da muka kama haya ba faɗin tsakar gida ba ne, ba kuma kusancinsa da wurin aiki ba. Hita ce. Wata farar aba mai kama da ƙaramar ganga, an kafe ta can sama a bangon banɗaki, bututu biyu sun fito daga gindinta. Ranar da dillali ya kai mu ganin gidan, ina can ina duba kicin da inda zan ajiye keken ɗinkina, shi kuwa yana tsaye a banɗaki ya ɗaga kai yana kallonta, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ban ga laifinsa ba. A wani kamfanin fata yake aiki a Challawa, a sashen da ake jiƙa ɗanyar fata a cire mata gashi da kitse. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai irin wannan aiki a cikin mota ya san abin da nake nufi. Warin yakan shige cikin farce da gashin kai, kuma ruwan sanyi ba ya yi masa komai, sai ma ya daskarar da maiƙon a jiki. Tun da muka yi aure, kullum kafin ya dawo sai na hura gawayi na ɗora babbar tukunya. Da muka samu hita sai na huta. In la'asar ta gabato na danna makunnin da ke gefen ƙofar banɗaki, 'yar jar fitilarsa ta kama, in koma kan ɗinkina. Kafin ya iso ruwa ya yi zafi.

Gidan asalinsa babba ne guda ɗaya, mai shi ya ja bango a tsakiya ya mayar da shi biyu, kowa da ƙofarsa a cikin zaure. Da farko wani direban tirela ne a ɗaya ɓangaren, wanda yake lodi a Dakata, sai ya yi makonni ba mu ga ƙeyarsa ba. Da ya tashi sai wani saurayi ɗan ƙasar Nijar ya shigo, mai aiki a kamfanin robobi a Sharaɗa, tare da mahaifiyarsa wadda ya ɗauko daga wajen Maraɗi don a duba mata gwiwoyinta a asibiti. Tsohuwa ce doguwa, mai fara'a, tana tafiya tana dafa bango. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata. A lokacin tsakaninmu bai wuce gaisuwar zaure ba.

Ana tsakiyar marka abin ya faru. Tun safe ake yayyafi, sama ta yi duhu, kayan da na shanya tun jiya sun ƙi bushewa. Da lokaci ya yi na je na danna makunni, jar fitila ba ta kama ba. Na kashe na sake dannawa. Shiru. Na ɗauka an ɗauke wuta ne, na waiwaya na ga fankar ɗaki tana juyawa abinta. Na sake dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfin yatsana ne ya gaza. Da dai na ga ba ta da niyya, na jawo kurfotin da na daɗe da turawa ƙarƙashin kanta, na kakkaɓe shi, na shiga neman busasshen gawayi.

Maigida ya shigo a jiƙe sharkaf, ya tarar da ni a durƙushe ina fifita wuta, hayaƙi ya cika mini ido.

"Lafiya? Me ya mayar da ke gawayi?"

"Mutuniyarka ce ta yi yaji," na ce masa.

Ko takalmin robar da ke ƙafarsa bai cire ba ya wuce banɗaki. Na ji ƙas, ƙas, ƙas, yana danna makunnin nan kamar yadda na yi. Ya fito ya ce wataƙila wutar ce ba ta da ƙarfi, don a unguwarmu akan kawo ta wani lokaci ko kwan fitila ba ta iya haskawa sosai. Na nuna masa kwan falo, yana haske fes. Ya ce to sai dai in wani abu ya faɗi a akwatin wuta. Akwatin yana zaure, shi ne na gidan gaba ɗaya, mu da maƙwabta. Ya ɗauki tocilan ya buɗe shi, ya tarar da 'yan maɓallan nan baƙaƙe duk suna sama yadda ya kamata. Ya sauke na hitar ya sake ɗaga shi, ya ƙwala mini kira in duba. Na duba na ce babu.

"Kin tabbata kin kalla da kyau?"

"Malam, ja ce fa. Ko makaho ya san ba ta kama ba."

Ya tsaya yana sosa ƙeya, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Can ya ce ya taɓa ji an ce hita ba ta kamawa in babu ruwa a cikinta. Na tuna masa cewa famfon yana zuba, amma duk da haka sai da ya jingina tsani ya hau ya leƙa tankin da ke saman banɗaki, cikin yayyafin nan. Tanki a cike yake har baki. Ya sauko, ya yi wanka da ruwan tukunyata, ya ci tuwo yana ta kallon ƙofar banɗaki.

Washegari ya dawo daga aiki da shawarwari cike da aljihu. Ashe da aka tashi cin abincin rana ya baza maganar a gaban abokan aikinsa, kowa ya tofa tasa. Mai kula da tukunyar tururi ta kamfanin ya ce ƙarfen da ke cikin hitar ne ya ƙone, wanda yake ɗumama ruwan, don ruwan rijiyar burtsatse yakan tara masa farar ƙasa har ya kashe shi. Wani mai tuƙa motar ɗaga kaya ya ce a'a, abin daidaita zafi ne ya lalace, tasu ma haka ta yi. Wani dattijo daga ƙauyen Jigawa, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin itace ya ƙi kamawa an kira taro a kansa ba, a koma murhu a huta. Maigida yana ba ni labari yana dariya, amma na lura maganar dattijon ta ɗan sosa masa rai.

Daga nan ya koma kan waya. In ya idar da sallar magariba sai ya zauna a kan tabarma ya kunna bidiyon masu gyara, wasu da Turanci, wasu da harsunan da ko shi bai san na ina ba ne, yana kallon hannuwansu kawai. A nan ya gano cewa a gindin kowace hita, in an cire murfin roba, akwai wani ɗan maɓalli da yake fitowa da kansa in zafi ya yi yawa, ya yanke wutar. In an tura shi ya koma, shi ke nan.

"Wannan ne," ya ce yana nuna mini fuskar wayar. "Wallahi wannan ne. Ran Lahadi za ki gani."

Ran Lahadi ba ya zuwa aiki. Bayan mun karya ya aro sukundireba a wurin mai facin taya na bakin titi, ya leƙa ya gaya wa maƙwabcinmu cewa zai kashe wutar gidan na ɗan lokaci, ya je zaure ya sauke babban maɓalli. Wannan kam na yaba masa, bai taɓa wasa da wuta ba. Ya ɗora kujera a banɗaki ya hau, ni kuma aka ba ni aikin riƙe kujera da haska tocilan. Da ya kwance murfin sai ga gidan zanzaro na laka manne a ciki, ya bushe, ga kuma wata tsaka da ta faɗo ta bi ta kan hannunsa. Ya yi wani tsalle a kan kujerar da har yau ban san yadda bai faɗo ba. Ni kuwa dariya ta hana ni riƙe tocilan daidai.

"Ki haska nan mana! Rufi kike haska mini?"

"Injiniya, yi haƙuri. Ga shi."

Ya kankare gidan zanzaron, ya hure ƙurar, ya lalubo ɗan maɓallin. Yatsansa ya yi masa girma, sai da na karyo masa tsinken tsintsiya. Ya tura. Ya ce bai ji ya yi ƙara ba kamar na cikin bidiyo, amma dai ya tura. Ya mayar da murfi, ya ɗaure, ya je ya ɗaga babban maɓalli. Fankarmu ta tashi. Muka tsaya mu biyu a gaban makunni, ya yi bisimilla ya danna.

Babu komai.

Ya sauke ajiyar zuciya ya juya zai mayar da kujera. Ni ban bar wurin ba, ina tsaye ina kallon makunnin don tausayinsa. Ina cikin kallo sai jar fitilar nan ta kama da kanta.

"Malam! Ta kawo!"

Ya saki kujera ya dawo da gudu. Ya kalli fitilar, ya kalle ni, ya gyara tsayuwa, ya ce ai dama sai ta ɗan ɗauki lokaci kafin wutar ta zagaya. Ban san inda ya samo wannan bayani ba, amma ya faɗe shi da cikakken tabbaci. Muka kasa kunne, can muka ji hitar ta fara 'yar ƙararta ta tsss. Ranar, duk da bai je aiki ba, sai da ya yi wanka da ruwan zafi, ya fito yana tururi. Ya kira mai kula da tukunyar tururi a waya ya ce masa ƙarfe lafiyarsa ƙalau. Da ya mayar da sukundireba sai da ya yi wa mai faci bayanin gyaran daga farko har ƙarshe. Da yamma ya sayo mana tsire.

Ran Litinin da la'asar na danna makunni, ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba.

Na rasa yadda zan gaya masa. Da ya shigo ya ga kurfoti a zaure da tukunya a kai, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu. Bayan ya yi wanka ya sake hawa kujera ya sake tura maɓallin da tsinke, muka jira, muka ƙara jira, wutar ba ta zagayo ba. Ya sauko ya ce, "Gobe zan kira mai gyara." Na ce Allah ya kai mu kawai, don na ga ba ranar tsokana ba ce.

A kwanakin nan a zaure nake hura gawayi saboda ruwan sama, kuma a nan muka fara sabawa da Inna. Takan fito da 'yar kujerarta ta zauna kusa da wutar ta miƙe ƙafafu, ta ce ɗumin yana yi wa gwiwoyinta daɗi. Ta ba ni labarin garinsu, da gonar gerontar da ta bar wa ƙaninta, da yadda hayaniyar manyan motocin Kano ta hana ta sakewa. Wata rana ta kawo mini cuku da dabino a ƙaramin kwano. Ta tambaye ni me ya sa nake dafa ruwa kullum kamar mai jego, na ce mata na'urar da ke ɗumama mana ruwa ce ta lalace. Ta ce, "Allah shi kyauta, ɗiyata. Kayan zamani sai haƙuri."

Mai gyaran ya zo da yamma bayan maigida ya dawo. Mutum ne mai ƙiba, mai yawan barkwanci, yana da shago a kan hanyar Challawa, ya zo a kan babur da jakar kayan aiki a rataye. Ya saurari duk tarihin, har da na tsaka, sannan ya hau kujera ya gwada ƙarfen ciki da wata 'yar na'ura mai allura. Ya ce ƙarfe lafiya lau. Ya gwada abin daidaita zafi, shi ma lafiya. Ya ce wa maigida ɗan maɓallin da yake ta turawa bai ma taɓa fitowa ba, amma dai duba shi da ya yi daidai ne, shi ma da nan zai fara. Ya sauko ya kwance makunnin bango, ya sa tasta, ɗan sukundireban nan mai fitila na gwada wuta, a kan wayar da ke shigowa. Tasta ba ta kama ba. Ya je zaure ya gwada a akwati, ta kama.

"To, Alhaji, ga inda maganar take," ya ce. "Wuta tana fita daga akwati, amma ba ta isowa nan. Hitarku ba ta da laifi. A hanya ake tare ta."

"Wa yake tare ta?"

"Ko ɓera ya ci waya a cikin rufi, ko damina ta jiƙa wani haɗi a cikin bango. Abin da ya sa ta kawo ran Lahadi ta sake ɗaukewa ke nan, wayar tana taɓawa tana saki."

Ya leƙa cikin rufi ta wata 'yar ƙofa, ya ce wayar ta gangara cikin bangon da ya raba mu da maƙwabta, daga nan bai ƙara ganinta ba. Ya ƙwanƙwasa bangon da gindin filaya yana saurare. Ya ce sai dai a fasa nan, a bi bututun wayar a ga inda ta yanke. Maigida ya kira mai gidan a waya, shi kuma ya ce a fasa amma a gyara masa bangonsa. Aka tsayar da magana a kan gobe da safe. Da mai gyaran zai tafi ya ce mini, "Hajiya, a gaya wa na wancan ɓangaren su sauke duk abin da ke jikin bangon nan. In na fara duka, ko agogo ne sai ya faɗo."

Bayan sun fita, maigida ya raka shi bakin titi, na yafa mayafi na yi sallama a ƙofar Inna. Ɗanta bai dawo ba tukuna. Wannan ne karon farko da na wuce labulenta. Ɗakin tsaf, an shimfiɗa darduma, ƙamshin turaren wuta ko'ina. Bangon da muke magana a kansa kuwa ta ƙawata shi da kayan da ta zo da su: 'yar kanta da ta jera kwanuka masu fure, madubi, carbi a rataye a ƙusa, da faya-fayai masu launi da ta saƙa da hannunta.

"Inna, gobe za a fasa bangon nan ta wajenmu. Na zo in taya ku sauke kaya kada su fashe."

"Fasa bango? Mi ya yi zahi haka?"

Na yi mata bayani gwargwadon yadda na fahimta, muka fara aiki. Tana zaune ina miƙo mata kwanuka tana jerawa a kan gado. Na sauke madubi. Na zo kan faya-fayan, na cire na farko, na cire na biyu. Na uku an rataye shi shi kaɗai a gefe, ƙasa da sauran, a inda bai dace da jerin ba. Da na ɗaga shi sai ga makunni a bayansa. Fari, mai faɗi, da 'yar fitila a samansa, irin namu sak. A kashe yake.

Na tsaya da faifai a hannu.

"Inna, wannan na mene ne?"

"Wannan? Ba shi da aikin komi, ɗiyata. Ba shi kunna fitila, ba shi kunna fanka. Jan ido gare shi kawai. Tun da muka zo yake kallona, in na kwanta sai in ga kamar garwashi a bango. Na yi ta haƙuri, ran nan dai na ce wannan abu wata rana gobara zai jawo muna, na kashe shi na ruhe shi da faifai."

"Yaushe kuka kashe shi?"

Ta yi ɗan tunani ta ce ranar da aka wuni ana yayyafi, har ta kasa zuwa asibiti.

Na ce, "Inna, ku ba ni izini in danna."

"Danna mana, ai ba nawa ba ne."

Na danna, jan idon ya buɗe. Na fita da gudu ba takalmi, na ratsa zaure, na faɗa ɓangarenmu. Mai gyara ya mayar da makunninmu ya bar shi a kunne, ga jar fitila tana haske, ga hita tana tsss a sama. Na koma wurin Inna na kashe, na dawo, ta mutu. Na sake komawa na kunna. Ina wannan zirga-zirga maigida ya shigo zaure ya gan ni ina haki, mayafi ya zame.

"Ke lafiya? Me ya biyo ki?"

Dariya ta hana ni magana. Na kama hannun rigarsa na kai shi gaban makunninmu, na ce ya tsaya nan kada ya motsa. Na koma na ɗaga murya ta cikin bango: "Malam, kalli ikon Allah!" Na kashe, na kunna, na kashe, na kunna. Na ji ya yi salati. Da na fito na same shi a ƙofar Inna yana sallama, ta ce ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa na kan bango.

Inna da ta gane abin da ya faru sai ta kama haɓa. "Wai ni ce na hana bawan Allah wanka? Ni da nike zama ina jin ɗumin gawayinku kullum?" Ta fara ba shi haƙuri, shi kuma yana cewa wallahi babu komai, Inna, ai ba ku sani ba, sai kuma dariya ta ƙwace mata, har tana share hawaye da gefen zane.

Ana haka ɗanta ya dawo daga Sharaɗa, aka mayar masa da labari. Shi ne ya warware mana abin da ya faru ran Lahadi. Ya ce da aka kashe wutar gidan aka dawo da ita, fankarsu ta ƙi tashi, sai ya bi duk makunnan ɗakin yana dannawa, har da na bayan faifai. Daga baya ya tura fankar da sanda ta tashi, ya manta da zancen. Inna ta karɓe ta ce ita kuma da ta zo kwanciya ta hango ja yana leƙowa ta ramukan saƙar, ta tashi ta sake kashe shi.

Na saci kallon maigida. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "To tsiren dai an riga an ci."

Da safe mai gyara ya iso da guduma da kurfi, ya naɗe hannun riga. Dama maigida ya riga ya nemi a canja masa zuwa aikin yamma don ya tsaya a kan fasa bangon. Sai ya kai mai gyaran ɗakin Inna ya nuna masa. Mutumin ya kalli makunnin, ya ajiye guduma a ƙasa, ya zauna a bakin ƙofa ya yi dariya har da buga cinya. Da ya natsu ya shafa bangon ya nuna mana wani layi a jikin fenti, ya ce a da ƙofar banɗakin ta nan take, shi ya sa aka sa makunnin a gefenta. Da aka raba gidan aka toshe ƙofar aka buɗe wata ta wajenmu, wanda ya yi aikin ya ƙara sabon makunni a gaba, ya bar tsohon a kan hanya. Direban tirela bai taɓa kula da shi ba, yadda ya same shi a kunne haka ya bar shi. Ya ce shi ma da ya ga gidan rabi ne ya kamata ya tambaya, amma hankalinsa ya tafi kan ɓera.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya kashe wuta, ya cire tsohon makunnin, ya haɗe wayoyin da kyau, ya rufe ramin da farin murfi. Inna tana zaune tana kallo, ta yi ta tambayarsa ko ya tabbata babu abin da zai kama da wuta a ciki. Ya ce mata ta kwanta ta yi barcinta. Na taya ta mayar da kwanuka da madubi. Mai gyaran kuma bai tafi ba sai da ya sha kunun da na dama, ya ce wannan labari yau sai ya zaga Challawa.

Da yamma, bayan maigida ya tafi aiki, na je na ce wa Inna tunda likita ya ce ta riƙa gasa gwiwoyinta, ga ruwan zafi a bango yana zaman banza, ta zo ta gwada. Ta yi ta noƙewa, ta ce ita bokiti da ƙoƙo ta sani. Na lallashe ta har ta taso tana dafa kafaɗata. Na sa mata kujerar roba a ƙarƙashin shawa, na nuna mata wannan na zafi ne, wannan na sanyi, na daidaita mata shi, na ja ƙofa na koma kan kekena.

Da farko na ji ta yi 'yar ƙara da salati lokacin da ruwan ya sauko mata a ka. Na miƙe zan je, sai na ji ta yi shiru. Na ɗinka hannun riga ɗaya, na ɗinka na biyu, na kafa wuya, ruwa yana ta zuba. Na je na ƙwanƙwasa.

"Inna, lafiya dai ko?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Je ki yi ɗinkinki."

Sai da ruwan zafin ya ƙare tas ta fito, fuskarta na sheƙi, ta zauna a bakin gadona tana murza gwiwa. Ta ce rabon da ta ji ƙafafunta sun saki haka tun kafin azumi. Ta sha ruwa, ta gyara ɗaurin kallabi, sannan ta tambaye ni ko gobe ma da wannan lokacin ina gida. Na ce ina nan.